Tarihin Ƙago Harshe da Darasinsa ga Masu Tsara Karatun Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Jamhuriyar Nijar suka zartar da sabon kundin tafiyar da mulki, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan hukunci ya aza wa masana harshe da ma'aikatan yaƙi da jahilci kaya mai nauyi, domin harshen da ake fatan ya ɗauki lissafi da shari'a da aikin likita yana bukatar tsayayyen rubutu da sababbin kalmomi masu ɗimbin yawa. Duk wanda aka danƙa wa wannan aiki zai tarar da tambaya guda tana jiransa: har ina ne mutum yake da ikon ƙera harshe da hannunsa, kuma daga ina ne harshen yake ƙin lanƙwasuwa?

Akwai mutanen da suka kai wannan tambaya maƙura, watau waɗanda suka zauna suka ƙago harshe ɗungum, suka zaɓa masa baƙaƙe da wasula, suka yanka masa dokokin nahawu. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihinsu daga Turai zuwa Afirka ta Yamma, a ga abin da suka riƙe da abin da suka yar, sa'an nan a auna sakamakon da bukatun ɗalibin ƙasar Hausa. An ɗauki Korgom a matsayin ma'auni. Ita dai ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, tsakanin Maraɗi da Damagaram, ba ta da nisa da iyakar Nijeriya. Akasarin mutanenta da Hausa suka buɗe baki, amma Hausar tasu ta sha bamban a wurare da dama da wadda aka saba bugawa a littattafan Zariya.

2.0 Volapük da Esperanto

Ƙagaggen harshe na farko da ya sami mabiya masu yawa shi ne Volapük, wanda wani limamin Katolika Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya fito da shi a shekarar 1879. Niyyarsa ita ce duniya ta sami harshe guda na cuɗanya. Ya ɗebo yawancin saiwoyin kalmominsa daga Ingilishi, amma ya datse su har suka fita kamanninsu. Sunan harshen kansa haɗi ne na kalmomin Ingilishi biyu masu ma'anar duniya da magana, ko da yake Baturen Ingila ba zai shaida su ba. A wajen sauti, Schleyer ya rage amfani da baƙin r ƙwarai, bisa zaton cewa yana yi wa yara da tsofaffi da mutanen Sin wuyar furtawa. Duk da haka ya bar wasula uku na Jamusanci, watau ä da ö da ü, waɗanda yawancin al'ummomin duniya ba su da su. A nan ne kuskuren farko na masu ƙago harshe ya bayyana: kowa yana ɗauka abin da ya zauna a bakinsa shi ne mai sauƙi ga kowa. Mabiya Volapük sun yi manyan tarurruka uku, a 1884 da 1887 da 1889, na ƙarshen a birnin Paris. Daga nan rigima ta ɓarke tsakanin Schleyer, wanda ya ce harshen mallakarsa ne, da masu son a sauƙaƙa nahawunsa, kuma cikin ƴan shekaru jama'ar ta watse.

A shekarar 1887 wani likitan ido, L. L. Zamenhof, ya buga ɗan littafin Esperanto na farko a birnin Warso. Ya ba harshen haruffa 28, kowane harafi da sautinsa guda, da wasula biyar, da dokokin nahawu 16. Kowane suna yana ƙarewa da -o, kowace sifa da -a. Jam'i kuwa ɗafa-ƙeya ɗaya ce tak, watau -j, don haka domo gida ne, domoj gidaje. Aikatau yana ɗaukar -as don aikin da ake ciki, -is don wanda ya wuce, -os don mai zuwa, ba tare da togiya ba. Sai dai shi ma Zamenhof bai kuɓuta daga bakin kakanninsa ba. Kalmomi irin su knabo, yaro, da scii, sani, suna farawa da baƙaƙe a cunkushe, abin da bakin Bahaushe ba ya yarda da shi sai ya cusa wasali a tsakani. Haka kuma haruffa shida masu hula a ka sun wahalar da maɗaba'u.

Abin da ya raba makomar harsunan biyu yana wajen riƙo. Tun a littafin farko Zamenhof ya sallama haƙƙin mallakar harshen ga masu amfani da shi, kuma a taron garin Boulogne na ƙasar Faransa a 1905 aka amince da ginshiƙin ƙa'idoji wanda ba mai ikon taɓawa. A 1907 wasu suka ɓalle suka kafa Ido, suka cire haruffa masu hula, suka gyara abubuwan da suke ganin aibu ne. Gyaran bai jawo musu rinjaye ba. Esperanto ne ya wanzu, har aka sami gidajen da ƴaƴa suka tashi da shi.

3.0 Afrihili da Guosa

Bayan samun ƴancin kai, ƙasashen Afirka sun fuskanci matsalar da ta fi ta Turai tsanani: harshen Bature ya raba masu mulki da talakawa, zaɓen harshen wata ƙabila kuwa yana iya tayar da husuma. Wasu suka ga mafita ita ce a ƙera harshen da ba na kowa ba, kuma na kowa ne.

A ƙasar Gana, K. A. Kumi Attobrah ya fito da Afrihili a 1970. Sunan haɗi ne na Afirka da Swahili, kuma daga Swahili da Akan da wasu harsunan nahiyar ya tattaro kalmominsa. Ya tsara cewa suna ya fara da wasali ya kuma ƙare da wasali, jam'i kuwa a same shi ta hanyar musanya wasalin farko da irin na ƙarshe. Alal misali, omulenzi yaro ne, imulenzi yara. Doka ce mai kyan gani a takarda, wadda mutum zai haddace cikin minti guda.

A Nijeriya kuwa, Alex Igbineweka ya soma aikin Guosa a 1965. Ya gina shi a kan Hausa da Yarabanci da Ibo da wasu ƙananan harsuna, ya kuma yi rabon da ba a taɓa jin irinsa a rayayyen harshe ba: sunayen abubuwan da ido yake gani a ɗebo su daga Hausa da sauran harsunan arewa, na abubuwan da ido ba ya gani kuwa daga harsunan kudu. Manufar rabon siyasa ce, watau kowane sashe ya ga kasonsa a cikin tukunya. Irin wannan buri ne ya haifi kalmar Wazobia, wadda aka harhaɗa daga wa ta Yarabanci da zo ta Hausa da bia ta Ibo, dukkansu da ma'ana ɗaya. Amma sa'ad da aka zo rubuta tsarin mulkin Nijeriya na 1979, rayayyun harsunan nan uku aka ambata tare da Ingilishi don aikin majalisar tarayya. Babu gwamnatin da ta ɗauki Afrihili ko Guosa a matsayin harshen hukuma.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yammacin Afirka ba ta rasa harsunan cuɗanya ba. Fatake sun riga sun kai Hausa Gwanja da Kumasi da Agadas tun kafin zuwan Turawa, kuma wanda yake son ciniki a kasuwar Tasawa ko ta Jibiya ya san harshen da zai koya. Ƙagaggen harshe ya zo ya tarar da rumfar da yake nema tana da mai ita.

4.0 Abin da mai ƙira yake yarwa

Idan aka jera waɗannan harsuna aka dube su, za a ga masu ƙirar sun fi karkata ga hanya ɗaya: a rage sautuka, a mai da jam'i doka guda, a kawar da togiya. To, abubuwan da irin wannan aski yake fara taɓawa su ne ainihin waɗanda Hausa take rarrabe ma'ana da su. A misalan da ke biye an ninka wasali don nuna tsawo, an kuma ɗora alama a kan gaɓa mai karin sauti na ƙasa.

(1) farii, launi, fàarii, ƙwarin da ke cin amfanin gona, farìi, ƙarancin ruwan sama, faarìi, somawa.

(2) yaa tàfi, labarin tafiyar da ta auku. Yà tàfi, umurni ko izini.

(3) kafa da ƙafa. Daka da ɗaka. Bari da ɓari.

Misali na (1) ya nuna kalmomi huɗu waɗanda tsawon wasali da karin sauti kaɗai suka raba su, kuma biyu daga ciki su ne manyan abokan gaban manomin Korgom. Misali na (2) ya nuna karin sauti yana aikin nahawu. Misali na (3) kuwa ya nuna nauyin da ke kan baƙaƙe masu ƙugiya. A ɓangaren ƙirar kalma, jam'in Hausa yana da sigogi da yawa: gida gidaje, hanya hanyoyi, rafi rafuka, malam malamai, ƙasa ƙasashe. Aikatau kuma yana sauya ma'ana ta wasalin ƙarshe da karin sauti, kamar yadda F. W. Parsons ya tsara a 1960 cikin rukunoni bakwai. Daga saiwa guda ake samun saya da sayo da saye da sayar da sayu, kowace da inda ta dosa. Mai ƙago harshe zai kira wannan wahala. Ga mai harshen kuwa tattali ne, domin wasali ɗaya ya ɗauke masa aikin jimla.

Wannan ba ya nufin Hausa ba ta taɓa sauƙaƙuwa ba. A barikokin sojan mulkin mallaka, inda aka tara ƙabilu daban daban ƙarƙashin hafsoshin Turawa, an sami Barikanci, Hausar da aka rage wa nahawu don ba da umurni da ƴar hulɗar yau da kullum. A zangunan Gana kuma, Hausar da ake kira Gananci ta saki bambancin jinsi, kuma a bakin masu magana da yawa ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Ko a cikin ƙasar Hausa, karin Zazzau da na Bauci sun sassauta jinsi. Abin lura shi ne babu kwamitin da ya zauna ya yanke ɗaya daga cikin waɗannan sauye sauye. Bakunan jama'a ne suka yi su sannu a hankali, gwargwadon bukatar zamansu.

5.0 Zaurance

Hausawa ma suna da nasu fannin ƙago harshe, wanda ya girmi Afrihili da Guosa, watau zaurance. Yara da matasa suke yinsa don ɓoye zance ga wanda ba a so ya ji. Hanyoyinsa sanannu biyu ne. Ta farko ita ce cusa ƙarin gaɓa bayan kowace gaɓa, da tsayayyen baƙi da kwafin wasalin da ya gabata. Idan baƙin d ne, Kano za ta koma Kadanodo, zo mu tafi kuma ta koma zodo mudu tadafidi. Ta biyu ita ce juya gaɓoɓi, gida ta koma dagi. Masana sun ba wannan fanni muhimmanci. Ousseina Alidou, ƴar Nijar, ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Indiyana a 1997 a kan irin waɗannan wasanni cikin harsuna shida na Nijar, Paul Newman kuma ya tattauna su a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Zaurance ya cika sharuɗɗan ƙagaggen harshe ta fuska guda: yana da doka wadda wani ya yanka da gangan, kuma dole a koye ta. Amma ya bambanta da Volapük ta fuskoki biyu. Na farko, ba ya fita daga tsarin gaɓar Hausa, wadda iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali kamar ta, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar kai, da baƙi da wasali da baƙi kamar can. Kowace kalmar zaurance tana bin wannan tsari. Na biyu, ba ya taɓa nahawu. Jinsi da jam'i da jerin kalmomi suna nan yadda suke, sutura kawai aka sauya musu. Shi ya sa yaro yake ƙwarewa a kansa cikin ƴan kwanaki.

Akwai abin da wannan yake tabbatarwa wanda ya shafi malamin aji kai tsaye. Yaron da ya iya mai da tafi ta zama tadafidi ya riga ya yanka kalmar gaɓa biyu, ya ware wasalin kowace gaɓa daga baƙinta, ya kwafe shi. In kalmar mai rufaffiyar gaɓa ce kamar malam, sai dokar wasan ta yanke inda m ta ƙarshe za ta zauna, kuma ƴan wasan suna bin hukuncin ba tare da tuntuɓe ba. Watau ilmin gaɓa da wasali, wanda littafin koyon karatu yake ɓata makonni yana gabatarwa, yana nan a bakin ɗalibi tun kafin ya riƙe alli.

6.0 Inda hannun mai tsarawa ya yi tasiri

Fagen da masu tsarawa suka sami iko na gaske a kan Hausa shi ne rubutu, kuma tarihinsa jerin zaɓe ne irin na masu ƙago harshe. Malaman ajami sun ari haruffan Larabci suka ba wasunsu sabon aiki don sautukan da Larabci ba shi da su. A boko, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934. A Zariya, ƙarƙashin jagorancin R. M. East, aka tabbatar da ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, aka jingina rubutu a kan karin Kano, aka kuma bar tsawon wasali da karin sauti ba alama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta shigar da wannan tsari gidajen jama'a. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don kula da shi.

Nijar ta bi wata hanya na ɗan lokaci. Bayan taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suka riƙa ninka wasali don nuna tsawo. Ta fuskar ilmin sauti wannan ya fi daidai, domin ya raba gari na zama da gari na tuwo. Amma ya sa wanda ya koyi karatu a Tasawa ya ga baƙon rubutu a littafin da aka sayo daga Katsina. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, bukatar littattafai ta ƙaru. A taron Yamai na 1980 masanan ƙasashen biyu suka daidaita rubutun, aka bar ninka wasali, sa'an nan a 1999 ma'aikatar ilmi ta Nijar ta tabbatar da ƙa'idojin da doka. Ɗan bambancin da ya rage shi ne harafin ƴ, wanda Nijeriya take rubutawa 'y.

Wannan tarihi ya maimaita na Esperanto da Ido. Tsarin da ya fi cika ta fuskar ilmi ya ja da baya, wanda ya fi yawan masu karatu da littattafai ya tsaya. Kuma abin da ya sa rubutu marar alamar karin sauti yake aiki shi ne mai karatun Bahaushe ne. In ya ga an rubuta fari ya cinye gero ko fari sun cinye gero, kunnensa yana cike abin da alƙalami ya bari.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu ga masu tsara karatu a Korgom da makwabtanta na Tasawa da Mayahi.

Na farko, a gina darasin farko a kan gaɓa, a kuma shigo da zaurance cikin aji a matsayin atisaye, tun da yake hanya ce da ɗalibi ya riga ya mallaka ta rarrabe baƙi da wasali.

Na biyu, a riƙe rubutu guda, a sakar wa baki mara. A yawancin ƙasar Hausa ta Nijar ana furta h ko hw a inda daidaitacciyar Hausa take rubuta f, a ce tahi da hura da hwari. Haka kuma karin yamma yana cewa ma a inda Kano take cewa wa, kamar a ya kai ma sarki. Ɗalibi yana iya rubuta tafi ya karanta tahi ba tare da an ce ya yi kuskure ba. Malamin da ya mai da aji wurin gyaran lafazi zai sa ɗalibi ya ɗauka Hausar littafi wani harshe ne dabam da na gidansu, kuma daga nan ne gudun aji yake farawa.

Na uku, sababbin kalmomi su fito daga maƙerar harshen. Hausa tana da ɗafa-goshin ma- wanda ya ba da mabuɗi da ma'auni da makaranta da ma'aikata, tana da ɗafa-ƙeyar -anci da -ci, tana da harɗaɗɗun sunaye irin su jirgin sama da gidan waya. Kalmar aro kuma a bar ta ta bi tsarin gaɓa, yadda jama'a suka riga suka yi da asibiti da tebur daga Ingilishi, da lakwal da mushe da kamyo daga Faransanci, da alƙali da littafi daga Larabci. Inda Nijar da Nijeriya suka ari kalmomi daban don abu guda, ƙamus ya kawo duka biyun. Kalmar da kwamiti ya ƙera ba bisa waɗannan sigogi ba, makomarta ita ce ta Volapük.

Na huɗu, duk ƙa'idar da aka tsayar a bar ta ta daɗe. Kowane sabon gyaran rubutu yana tsufar da littattafan da ke hannu, yana kuma mai da wanda ya yi yaƙi da jahilci jiya ɗan koyo yau, a ƙasar da littafi yake da tsada.

Aikin da ya kamata ya biyo baya shi ne na fili: a ɗauki maganar manoma da mata da ƴan kasuwa a ƙauyukan Korgom, a tattara ire iren zaurancen yaransu da kalmomin aron da suka riga suka zauna a bakinsu, a miƙa wa masu rubuta littattafan aji kafin su zauna zaɓen kalmomi.